Gishirin da Na Shanya

Bazara ce, irin wadda tun da hantsi ba a iya taka tsakar gida ba takalmi. A shekarar zafi ya zo da wuri, rijiyar unguwarmu ta yi ƙasa har sai da aka ƙara wa guga igiya sau biyu, kowa a gidan kuma ransa a kusa yake. Ni da ba a san ni da faɗa ba, na sha kama kaina ina yi wa kaji tsawa. A cikin wannan hali 'yata ta fari ta dawo hutu daga makarantar kwana da take yi a Gumel. Ƙauyenmu yana tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari, kuma a lokacin ita kaɗai ce mace a unguwarmu da ta kai ajin kimiyya. Aikin jinya take so.

Tun da ta sauka daga babur na ga fuskarta ba daidai ba. Ban tambaye ta ba. Sai da ta ci ta huta, muna tsintar wake a rumfa, sannan ta faɗa mini. A wani darasi da suke kira kemistiri makinta ya yi ƙasa. Malaminsu ya ce waɗanda suka gaza za a fitar da su daga ajin kimiyya in an koma, sai wadda ta kawo aikin hutun da ya ba su. In aka fitar da ita, maganar jinya ta ƙare ke nan.

Na ce, "Wane irin aiki ne?"

"Ƙwayar gishiri zan yi, Inna. Guda ɗaya tak. Amma sai ta kai girman wannan." Ta ɗaga ƙwayar wake.

Na ce in gishiri ne, ga shi nan cike da gwangwani, ta ɗiba ta kai masa. Ta yi murmushin da bai kai ciki ba. Ta tashi ta barbaɗa kaɗan a bayan baƙin murfin tukunya, ta ce in matso da ido. Tun ina yarinya nake zuba gishiri a miya, ban taɓa tsayawa na kalle shi ba. Da na ƙura ido sai na ga wasu ƙwayoyin kamar 'yan akwatuna, da kusurwoyinsu tsaf.

Ta ce a cikin kowace ƙwaya akwai wasu abubuwa ƙanana da ido ba ya gani, sunansu atam. Na gishiri iri biyu ne, kuma ba a barbaje suke ba, a jere suke, wannan iri, wancan iri, wannan, wancan. Na ce kamar yadda babanta ke shuka, layin gero, layin wake. Ta ce kusan haka, sai dai nasu jerin har sama yake hawa. Kowane ɗaya yana da maƙwabta shida daga ɗaya irin: gaba, baya, dama, hagu, sama, ƙasa. Tunda jerin a miƙe yake ta ko'ina, shi ya sa ƙwayar ke fitowa da fuska shida, kowace daidai da 'yar'uwarta, kamar ƙwayar sukarin kwali. Abu mai irin wannan jeri shi suke kira kiristal. Ta ƙara da cewa baƙin nan na cikin fensir da lu'ulu'un da masu kuɗi ke sa wa zobe abu ɗaya ne, yadda aka jera atam ɗinsu ne kawai ya bambanta.

Uwar mijina, wadda duk gidan muke kira Iya, tana kishingiɗe a tabarma tana jin mu. Ta ce, "Ashe mun daɗe da yin arziki ba mu sani ba. Ke 'yar boko, kwaso fensiran ƙannenki a kai kasuwa."

Yarinyar ta ce, "Iya, ke dai ba a magana da ke."

"Da wa za a yi? Ni na ci gishirin da ya fi nauyinki, ban taɓa jin ya ce mini yana da maƙwabta ba."

Washegari yarinyar ta yi haɗin a gabana. Ta tafasa ruwa, ta yi ta zuba gishiri tana juyawa har ruwan ya ƙi karɓa, sauran ya kwanta a ƙasa. Ta tace da sabon ƙyallen tatar koko, ta bar shi ya huce, ta zuba a farantin tangaran ɗin da nake ajiyewa don baƙi. Ta tura shi ƙarƙashin gadona, ta ɗora faifai a kai, ta bar ɗan gefe a buɗe. Ta ce yayin da ruwan ke tafiya, gishirin zai riƙa fitowa yana jera kansa. Malam ya ce kuma a rubuta abin da aka gani kowace rana.

A ranar da yamma saƙo ya zo cewa ƙanwata ta haihu a Gagarawa Tasha. Ba wata mace babba a gidansu, kuma a wurinmu in haka ta faru budurwar gida ake turawa ta riƙe aiki har suna. Maigida ya ce ta shirya. Ba ta yi musu ba. Da za ta hau babur ta miƙo mini littafinta da biro.

"Inna, kada a taɓa shi. A bar shi ya bushe. Ki riƙa rubuta mini abin da kika gani."

Na karɓa da jin daɗi, don tun da na gama ajin yaƙi da jahilci ba wanda ya taɓa ba ni rubutun da za a kai wa malami. Kowace safiya in na yi shara sai in durƙusa in leƙa. Rana ta ɗaya na rubuta, ruwa ne. Ta biyu, ruwa ne. Ta uku, har yanzu ruwa ne. Hankalina ya fara tashi. Hutun sati uku ne da 'yan kwanaki, ga kwana uku sun tafi ba ko alama.

Abin da na sani a rayuwata shi ne, duk abin da ake so ya bushe rana ake kai shi. Kuɓewa, tumatir, barkono, ganyen kuka, daddawa, duk da rana na saba. Abin da aka bari a inuwa fumfuna yake yi. Na zauna na ce wa raina, yarinya ce, karatu ta sani, shanya kuwa tawa ce. Ta ce a bar shi ya bushe, to ga rana tana zuba a banza. A rana ta huɗu na ɗauko farantin da hannu biyu, na hau turmi na ɗora shi a kan rumfa inda kaji ba sa kaiwa. Da azahar na hau na ga ya fara kamawa a gefe, sai na sa cokali na juya shi, kamar yadda ake juya kowace shanya don ta bushe bai ɗaya. Kafin rana ta biyu ta faɗi ya bushe ƙamas, fari tas. Na mayar da shi ƙarƙashin gado, na rufe da faifan. Na rubuta, na kai shi rana, na juya sau uku, ya bushe, alhamdulillahi. Har na ja layi a ƙarƙashi.

Ranar suna na je Gagarawa, muka dawo tare. A mota ta tambaye ni, na ce ta kwantar da hankalinta, aikin ya ƙare tun tuni.

Ko mayafi ba ta cire ba ta jawo farantin. Ta ɗaga faifan. Ta daɗe tana kallo.

"Inna, wannan ai gishiri ne."

"To da me kika zuba?"

Ta buɗe littafin ta karanta abin da na rubuta. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ta ce in ruwan ya tafi a hankali, ƙwayoyi kaɗan ne ke farawa, kuma kowane atam yana samun lokacin neman gurbinsa, kamar mutanen da suka zo filin Idi da wuri suka daidaita sahu. In rana ta kore shi da sauri, ko aka motsa, dubbai ne ke farawa a lokaci guda, kowa ya ja nasa ɗan sahun a inda ya tsaya, ba wanda zai girma. Sai a samu gari.

Na ce, "Ai kin ce ya bushe."

"Na ce kada a taɓa shi, Inna."

Gaskiya ta faɗa. Ta faɗi biyun, ni kuwa na ɗauki wanda na saba da shi. Kwana bakwai suka tafi a banza, kuma ni na zubar da su da hannuna, har da hawa turmi.

Muka sake haɗi. A wannan karon ta ce a kai ɗakin Iya, don shi ne na ƙasa mai rufin azara, ya fi ko'ina sanyi. Iya ta ce a kawo, ita ba ruwanta da shi, ko kallo bai ishe ta ba. Aka sa shi a lungu bayan akwatinta. A rana ta biyar yarinyar ta kira ni da hannu. Muka durƙusa tare. A ƙasan farantin ga wasu 'yan ƙwayoyi kamar riɗi, bakwai ko takwas, suna ɗaukar ido. Ko ba a matso ba ana ganin kusurwoyinsu. Ranar ce ta fara dariya tun da ta dawo. Ta ce in aka ba su kwana goma haka, an gama.

Da safe ta shiga ta fito riƙe da ƙirji. Na shiga na duba. Faranti cike da ruwa har baki, garau, ba ko ƙwaya ɗaya.

Iya tana zaune tana jan carbi. Ta ce, "Na ga ruwan ya yi ƙasa, abin ya ba ni tausayi. 'Yan tsakin nan da kuke kiwo, a wannan zafin, a bar su ba ruwa? Moɗa ɗaya kawai na ƙara."

Yarinyar ta ce, "Iya! Kin narkar da su!"

"Ji mini yarinya. Ni da na yi taimako? To in sun narke ai suna ciki, ba inda suka je. Sa yatsa ki ɗanɗana."

"Ba ke kika ce ko kallo bai ishe ki ba?"

"Ban kalla ba. Ji na yi a jikina suna ƙishi."

Yarinyar ta fita bayan ɗaki. Ni kuwa na tsaya da maganganu cike da baki, ba wadda zan iya furtawa. Surukata ce, ba a mayar mata da magana. Ko da ana mayarwa ma, da wace fuska? Ita moɗa ɗaya ta ƙara, ni kuwa rana na kai shi. Na ce, "Sannu Iya, Allah ya saka da alheri," na fita na zuba gero a turmi. Ban taɓa yin surfe ya yi saurin fita kamar na ranar ba.

Ranar Alhamis maigida ya dawo daga kasuwar Maigatari da guntun kantu, irin gishirin da ake kawowa daga Nijar. Ya ce shi ya gaji da ganin mata uku suna zagaya faranti kamar masu jiran haihuwa. Ya zauna a zaure da wuƙa da dutsen washi, ya yi ta sassaƙa yana gogawa har la'asar. Ya shigo yana taƙama, ya ajiye a tafin hannunta.

"Ga shi nan. Fuska shida, ki ƙirga. Wake ya ce? Wannan ya kusa goro."

Ta juya shi. Ta ce, "Baba, malam zai gane. Wannan ƙananan ƙwayoyi ne da yawa suka manne, kowace da inda ta fuskanta. Shi ya sa haske ba ya ratsa shi. Na gaskiya kamar ƙanƙara yake."

"Shi malamin naku lasa zai yi ko leƙawa?"

"Leƙawa, Baba."

Ya karɓe abinsa ya kai wa awaki. Kwana biyu yana cewa karatun zamani ba ya son sauƙi.

Saura kwana bakwai a koma. Yarinyar ta ce a bari kawai. Na ce ba za a bari ba. Na zaunar da ita na ce ta faɗa mini abin da gishirin nan yake so, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai koya wa yaro. Ta ce sanyi, da rashin motsi, da ruwa ya tafi kaɗan-kaɗan. Na yi tunani, wurin da ya fi ko'ina sanyi a gidan shi ne bayan randa, inda yashi ke da danshi kullum, kuma rana ba ta kaiwa. Ni na tafasa ruwan da kaina, ita ta zuba gishirin. Na daidaita yashi da tafin hannu, na ajiye farantin, na sa duwatsu uku na ɗora faifai. Na kwashe moɗa daga wurin, na cika tulu na ajiye a rumfa, na ce daga yau kowa a nan zai sha. Na jingina tsohuwar ƙofar langa-langa na tare lungun. Iya ta ce ko amarya ba a yi mata wannan tsaro.

Ban san akwai aikin da ya fi daka wuya ba sai a kwanakin nan. Aikin shi ne kada ka yi komai. Hannuna ya saba, in abu bai yi ba sai in ƙara wuta, in juya, in matsar, in ɗanɗana. Wannan kuwa duk abin da na iya ɓata shi yake yi. In na wuce ta wurin sai in ji ƙafata tana ja na. Sau ɗaya a rana muka yarda mu leƙa, bayan sallar asuba in gari ya yi haske. A rana ta huɗu suka fito. Yarinyar ta sa tsinken tsintsiya ta janye ƙananan gefe, ta bar guda ɗaya da ta fi kyau a tsakiya, don abin da ke fitowa daga ruwan ya taru a kanta ita kaɗai.

Na riƙa auna ta da abin da na sani. Riɗi. Washegari riɗi mai ƙiba. Sannan gero. Ina durƙushe ina kallonta, ina jin kamar in ce mata ta yi sauri, makomar yarinyata ce a hannunta. Ita ko a jikinta. Wai a cikinta ana can ana jera sahu bisa sahu, ba dare ba rana, amma in ka duba da ido kamar jiya. Nakan tambayi kaina, in abubuwan nan sun kai ƙanƙantar da har kwana guda na jerinsu bai cika kan allura ba, wa ya fara ganinsu har ya ƙirga musu maƙwabta? Na tambaye ta. Ta ce da wani irin haske ake ganowa, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, yana ratsawa ya fito da zanen jerin. Na ce to, Allah ya ƙara sani. A raina kuwa haushi nake ji, an iya leƙa cikin gishiri amma ba a iya sa shi ya yi sauri ba.

Ana gobe komawa, da la'asar, ta ciro ta da tsinke biyu, ta ɗora a kan ƙyalle ta tsane. Kyakkyawa ce, ban ƙi faɗa ba. Garau, ana ganin zaren ƙyallen ta cikinta, kusurwoyinta kamar an yanka da reza. Ta ɗauko ƙwayar wake ta ajiye a gefenta. Ƙwayar gishirin ba ta wuce dawa ba.

Iya ta leƙo ta duba, ta koma tabarmarta.

Can yarinyar ta ce, "Ba zan kai ba, Inna. Dariya za a yi mini. Ba komai, ɗaya ajin ma karatu ne."

Da ta yi fushi da na fi jin sauƙi. Ta faɗe shi ne a hankali, tana naɗe kayanta, irin yadda ni nake faɗin ba komai in abu ya fi ƙarfina. Na tsaya ina lissafi a raina. Kwana bakwai sun ba da dawa. Da an bar farantin farko a inda ta ajiye shi, da yanzu ya yi sati uku. Yarinyar ba ta yi kuskure ko ɗaya ba a cikin aikin nan, amma ita za a fitar daga aji. Na ɗauki ƙwayar na sa a cikin kwalin ashana da 'yar auduga. Da maigida ya dawo daga masallaci na ce ina neman izini, gobe zan raka ta Gumel. Ya ce me zan je yi. Na ce magana zan faɗa wa malamin. Ya dube ni, don ya san ko a gidan biki ba na iya buɗe baki, sannan ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Washegari da sassafe muka hau babur zuwa bakin titi, muka shiga mota. Duk hanya tana cewa, "Inna, don Allah ki koma, kunya za ki ba ni." Muka sami malamin a ƙofar ɗakin da suke gwaje-gwaje, ɗan siriri mai tabarau, bai kai ƙanena ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Haba Mama, tashi, ga benci." Na faɗa masa komai, rumfa da cokali da moɗa. Na ce in akwai wanda za a fitar daga aji, ni ce. Ya rufe baki da hannu yana tari, na san dariya yake dannewa. Ya buɗe kwalin, ya sa wani gilashi mai ƙara girman abu, ya daɗe yana juya ƙwayar.

Ya ce, "Mama, kyau ta yi kyau. Amma doka ɗaya na sa wa kowa, ba ta kai ba, ba zan karɓa ba. Abin da zan iya, in ba ta sati biyu. A yi sabon haɗi, a bar shi ya huce sarai, a sa wannan a ciki ita kaɗai, za ta ci gaba daga inda ta tsaya. Sai dai ita yarinyar tana nan makaranta. Wa zai kula?"

Na ce ni.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ba rana, Mama. Ba cokali."

Na ce, "Na ji, Malam."

Na karɓi kwalin na ƙulle shi a bakin mayafina. Yarinyar ta ce in tsaya in sha ruwa, na ce ta shiga aji. Na kama hanyar tasha da ƙafa, na sami motar farko mai zuwa wajenmu, na zauna can baya inda ba wanda zai matse ni.